Darasin Ruwan Gishiri da Sukari

Ina da shekara ashirin da huɗu aka ba ni ajin manya. Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiharmu ba, ko'ina ka juya a Potiskum zancen yaƙi da jahilci ake yi, sai ka ce jahilcin wani ɓarawo ne da za a rutsa a lungu a yi masa dukan kawo wuƙa. Da safe ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare da ke kan hanyar kasuwar shanu. Bayan la'asar kuma in koma ajin nan dai, in tarar iyayensu mata sun cika bencina, gwiwoyinsu na dukan tebur don ba domin su aka ƙera shi ba. Ina da takardar malanta, ina da jakar hannu da takalmi mai tsini, kuma a ganina duk faɗin garin babu wanda ya kai ni sani. Allah ya yafe mana ƙuruciya.

Ajin nawa taron dangi ne. Akwai Ngizimawa da Karekare da Bolewa, akwai Barebari, akwai Fulani, kowace da irin tata Hausar. Sai kuma matan 'yan kasuwa waɗanda kakanninsu suka zo daga Kano, su ne masu gyara wa kowa magana, har ni Malamar ba su ƙyale ni ba. Babbarsu wata Hajiya ce mai sayar da atamfa a gida, mace mai jiki da murya, wadda ta naɗa kanta shugabar aji ba tare da kowa ya zaɓe ta ba. Kuma gaskiya ta iya, domin in ta ce a yi shiru ko ƙuda ba ya motsi.

A bencin baya, kusa da taga, nan Inna take zama. Bafulatana ce doguwa, siririya, ta haura hamsin. Asalinsu mutanen daji ne, sai da annoba ta cinye musu garke suka shigo gari suka kafa zana a bayan kara, wato kasuwar shanun. Mijinta yana taya dillalai kama shanu, ita kuma tana sayar da fura da nono a bakin kasuwa. Daga can take wucowa aji da ƙwaryarta, ta ajiye ta a kusurwa ta rufe da faifai. Ranar farko na tambaye ta me ya kawo ta, ta ce ta gaji da dangwala yatsa, tana so kafin ta mutu ta rubuta sunanta da hannunta. Takan damƙe fensir kamar za ta tatse shi, ni kuwa ban fasa tsokanarta ba.

"Inna, sassauta masa mana, ba nono a cikinsa."

"To, 'yata," in ji ta, tana dariya a bayan mayafi. "Hannun ne bai san wani aiki ba."

Ina son ta, wannan ba na ɓoyewa. Ba ta da surutu, ba ta makara, kuma duk abin da ta kama ta kama shi ke nan.

Ranar Alhamis muke darasin kiwon lafiya. A wannan makon littafin da aka ba mu daga ofis ya kawo mu kan zawon yara. Na zo da shirina tsaf: kwalaben lemo biyu cike da tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali, gishiri da sukari a ƙulle. Na juye ruwan a kwano, na zuba gishiri cokali ɗaya a shafe, sukari cokali goma, na juya, na sa kowace ta ɗanɗana. Na ce musu duk yaron da ya kama zawo wannan za a yi ta ba shi kaɗan-kaɗan, kada a daina, kada kuma a hana shi mama.

Sai na ga hannu daga bencin baya. Wata biyar Inna tana ajina ba ta taɓa ɗaga hannu ba.

"Malama, a nan kam littafin ya yi kuskure," ta ce. "Yaron da ke zawo ba a ba shi ruwa. Abin da ka zuba ta sama shi ne yake fita ta ƙasa. Mu ko maraƙi ne ya kama zawo, ɗaure shi muke yi nesa da uwar, nesa da ruwa, har cikin ya tsaya. Haka na ga uwata ta yi, haka uwar mijina ta yi."

Mata da yawa suka gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan shi ya ɓata mini rai. Na ɗauko leda, na cika ta da ruwa, na huda ƙasanta da tsinke, na ɗaga sama ruwan yana tsiyaya.

"Wannan shi ne cikin yaro," na ce. "Inna, in ban ƙara ruwa ba, me zai faru?"

"Sai ta daina yoyo," ta ce.

Aji ya kwashe da dariya. Ba da ni suke ba, amma ni a lokacin gani na yi an kunyata ni a gaban ɗalibaina, kuma wadda ta yi ɗin ko sunanta ba ta gama iya rubutawa ba. Kaina ya ɗau zafi.

"Ta daina yoyo don ta bushe!" na ce da ƙarfi. "Haka yaro yake bushewa. Idon da kuke gani ya zurma, maɗigar da kuke gani ta faɗa kuna ta shafa mata magani, duk ƙishirwa ce. Ku saurare ni da kyau. Duk uwar da ta hana ɗanta ruwa yana zawo har ya mutu, ba zawon ne ya kashe shi ba. Ita ce ta kashe shi da hannunta."

Dariyar ta ɗauke. Na ga Hajiya ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta, na ɗauka maganata ce ta ratsa su, har na ji daɗi a raina.

Inna ta daɗe tana kallon ledar da ke hannuna. Sannan ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Maɗigar da take faɗawa, ƙishi ne?"

"Ƙishi ne."

"Ba ciwo ne na dabam ba?"

"Ƙishi ne kawai, Inna."

Ta ce, "To." Ta rufe littafinta, ta ɗauki ƙwaryarta ta ɗora a ka, ta yi mana sai gobe kamar yadda ta saba, ta fita tun ba a tashi ba.

Da aka watse Hajiya ta tsaya. Ta bari sai da na gama tattara kwalabena sannan ta matso.

"Malama, kin san 'ya'yan matar nan nawa ne a ƙasa?"

Na ce ban sani ba.

"Uku. Dukkansu zawo. Mace ɗaya ce ta rage mata."

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na ce, "To Hajiya, ai gaskiya na faɗa. So kike in yi musu ƙarya?"

"Wa ya ce ƙarya kika yi?" in ji ta. Ta gyara mayafinta ta tafi ta bar ni a tsaye.

Gobe ta yi, Inna ba ta zo ba. Mako ya wuce, wani ya bi. Kullum in na shiga aji idona bencin baya yake fara zuwa. Nakan ce wa kaina ai damina ce ta matso, kowa da hidimarsa, ko kuma in ce in ta huce za ta dawo. Sai da aka yi mako uku sannan na sauke girman kaina, na nemi kwatance a wurin Hajiya, na tafi wata ranar Asabar da hantsi.

Gidan yana bayan kara, inda warin kashin shanu ba ya barin hanci. Bukkoki biyu ne da ɗaki ɗaya na laka a cikin zana. Ta tarbe ni da gaisuwar nan tasu mai tsawo, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya, ta tambayi 'yan aji ɗaya bayan ɗaya. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta jawo ƙwarya ta fara dama mini fura. Na ba ta haƙuri, na ce ban sani ba, da na sani da ban faɗa haka ba.

"Da kin sani da sai ki faɗa yaya?" ta ce, ba ta ɗago ba.



Tana damun nan ta ba ni labari, da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Biyun farko suna goye suka tafi, a daji, can wajen Ngojin inda suke zama da shanu a da. Ta cire su daga mama kamar yadda aka koya mata, ta shafa musu magani a maɗiga. Ta ukun kuwa mace ce, ta fara gudu, ta fara magana.

"Ita ta iya kiran ruwa da yarenmu," in ji Inna. "Tana kira, ina cewa gobe. Na kwashe tulu na kai bukkar maƙwabciya don kada ta ja jiki ta je ta sha. Ni ma ban sha ba, Malama. Kwana biyu ban sa ruwa a bakina ba, don kada ta ga ina sha ita na hana ta. Uwar mijina har yabona ta yi, ta ce na iya riƙe zuciya."

Ta miƙo mini ƙwaryar da ludayi a ciki.

"Ba ƙin yarinyar nake ba," ta ce.

Na karɓi furar nan na kasa kai ta baki. Na roƙe ta ta dawo aji, na ce saura kaɗan ta iya rubuta sunanta, kada wahalar wata biyar ta tashi a banza. Sai a lokacin ta dube ni ido cikin ido.

"'Yata, in abin da kika faɗa ƙarya ne, me zan zo in koya a wurinki? In kuma gaskiya ne, ni wace ce?"

A kwaleji an koya mana cewa babba ba kamar yaro ba ne, yana zuwa aji da abin da ya riga ya sani. Na haddace wannan, na rubuta shi a jarrabawa, na ci. Amma ni a raina abin da ya riga ya sanin nan shara ce, aikina in share in zuba mai kyau. Ban taɓa tunanin cewa mutum a kan abin nan yake tsaye ba, da shi ya binne matattunsa, da shi yake iya tashi da safe ya fita neman abinci. Na dawo gida a ƙafa ranar, ina jin haushinta don ta ƙi dawowa, ina jin haushin kaina fiye da haka.

Damina ta sauka sosai, zawo ya shiga unguwanni kamar yadda yake yi duk shekara. Wata ranar Talata da safe ina tsakiyar koya wa yara karatu, sai na ga mutum a tsaye a taga. Inna ce, ba ƙwarya a kanta, mayafinta a karkace.

"Malama, cokali nawa kika ce?"

Jikarta ce, 'yar wata tara, 'yar fari ga 'yar nan tata guda da ta rage. Tun jiya take zawo. A al'adarsu uwa ba ta nuna damuwa a kan ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta sa baki a lamarinsa a gaban manya, kunya ba za ta bar ta ba. Saboda haka yarinyar a hannun kaka take, kuma abin da kaka ta yanke shi za a yi. Tsohon, mijin Inna, ya riga ya ce a cire ta daga mama a kawar da ruwa, yadda aka saba.

Na nemi izini a wurin hedimasta, na bi ta. Ban taɓa sanin tsohuwa tana da sauri haka ba, ina binta ina tuntuɓe a cikin taɓo.

Mun tarar da yarinyar kwance a kan zane, idanunta sun zurma, tsakiyar kanta ta loɓa, ko kukan kirki ba ta iya yi. Uwar tana rakuɓe a bakin ƙofa ta juya baya, kafaɗunta kawai ke rawa. Muka tafasa ruwa, muka fifita ya huce, na auna gishiri da sukari Inna tana kallon hannuna ba ta ko ƙiftawa. Na ɗebo a cokali zan ba yarinyar, sai ta riƙe mini hannu.

"Ni zan ba ta."

Ta ɗora ta a cinya. Hannun nan da yake damƙe fensir kamar zai karya shi, ranar rabin ruwan yake zubarwa a zane. Yarinyar ta lashe cokalin farko, ta lashe na biyu, ta kama na uku da baki ta ƙi saki. Can sai ta amayar da shi duka.

"Kun gani ko?" in ji tsohon daga bayan zana. "Na faɗa muku. Za ku kashe 'yar mutane da karatun boko."

Inna ta tsaya da cokali a hannu. Na ce mata a ɗan jira kaɗan a ci gaba, haka ake yi. Ba ta dube ni ba. A nan ne na gane irin halin da na jefa matar nan. In jikar ta mutu, ita ta kashe ta da ruwan da ta ba ta a kan maganar wata yarinya mai takalmi mai tsini. In kuwa ta rayu, to maganar da na yi a aji ta tabbata a kan ukun da ke ƙasa. Ko ta ina ta juya babu inda za ta fita lafiya, kuma ta san haka sarai tun kafin ta zo tagar ajina.

Ta sake cika cokalin ta kai bakin yarinyar.

Haka ta yi ta yi har azahar, cokali bayan cokali. Ta kira 'yarta da yarensu, da wata murya da ban san tana da ita ba, ta sa ta zauna ta ba yarinyar mama a gaban kowa, kunya ko ba kunya. Da rana ta ɗan yi sanyi muka kai yarinyar asibiti, wata ma'aikaciyar jinya ta duba ta, ta ba da magani, ta ce a ci gaba da abin da ake yi.

Ranar Juma'a na koma. Tun daga bakin zana na jiyo dariya. Yarinyar tana zaune a tabarma tana jan faifai tana kai wa baki, idanunta sun dawo, uwar tana satar kallonta ta gefen ido. Tsohon da kansa ya taso ya gaishe ni, har da cewa Allah ya yi albarka. Ba zan yi ƙarya ba, zuciyata fari tas, ina tafe ina jiran godiya.

Na sami Inna a bayan bukka tana wanke ƙore. Ta amsa sallamata ba ta tashi ba. Na tsuguna kusa da ita na ce, "Inna, barka. Kin ga ta warke."

"Ta warke," ta ce.

Ta ci gaba da cuɗa ƙwaryar da ta riga ta fita. Sai na ga hawaye yana bin fuskarta yana ɗiga a cikin ruwan wankin, ba sauti, ba shessheƙa. Ban taɓa ganin Bafulatana mai shekarunta tana kuka a gaban baƙo ba, na kawar da kaina.

"Shi ke nan abin?" ta ce. "Ruwa da gishiri da sukari? Malama, ko a daji ina da gishiri. Sukari ma ana samu ranar kasuwa. Ruwa kuwa ni na ɗauke shi da kaina na fitar."

Tausayinta ya cika ni har na ji ba zan iya ba. Na dafa ta na ce, "Inna, kwanansu ne ya ƙare. Allah ne ya karɓi abinsa, ba laifinki ba ne."

Ta girgiza kai a hankali.

"Na san Allah ne mai rayawa, shi ne mai kashewa, wannan ban taɓa shakka ba. Amma maganar nan da kika yi yanzu, ita nake faɗa wa kaina shekara ashirin, kuma da ita nake samun barci. Ke kika karɓe mini ita. Kada ki dawo mini da ita yau don kin ga ina kuka. Ba za ta ƙara zama ba."

Na zauna a ƙasa kusa da ita, a cikin laimar ruwan wankin.  Da na tashi tafiya ta raka ni har bakin zana, ta ce in gaida 'yan aji.

Ranar Litinin na shiga aji na same ta a bencin baya. Ta rame, ta yi duhu, ta kuma daina dariya in na tsokane ta, don haka na daina. Ta ci gaba da zuwa, ba ta makara. Kafin kaka ta iya rubuta sunanta, ta nuna mini, na yaba, ta ce to, ta rufe littafin.

Da shekara ta zagayo aka kawo sababbin ɗalibai, darasin zawo ya sake zuwa. Wannan karon na shiga da tsoro. Na haɗa ruwan a gabansu, na yi bayani a hankali, ina auna kowace kalma. Wata matashiya Bakarekariya mai goyo a baya ta taɓe baki ta ce ita dai a gidansu ba a ba mai zawo ruwa, kuma ga su nan sun girma. Na buɗe baki zan amsa, sai ta juya baya wajen Inna, don ta ga ita ce babba a ajin.

"Inna, ke da kika ga jiya, kin taɓa gwada wannan abin nasu?"

Hajiya ta ɗago da sauri za ta tare maganar. Inna ta ɗaga mata hannu.

"Na gwada duka biyun, 'yata," ta ce. "Na hana uku, na ba ɗaya. Ɗayar ce take gida."